Idan Ƙwaya Ta Daina Kashe Tsutsa



Duk wanda ya taɓa shiga kara ana saura wata biyu ko uku babbar salla ya san rumfar mai maganin dabbobi. Tabarma ce a shimfiɗe, an jera kwalabe da kwalaye, rana tana dukan rabinsu. Wata ranar kasuwa ina tsaye a irin wannan rumfa sai ga wani dattijo mai kiwon turke ya zo sayen ƙwayar tsutsa, irin wadda ake ɗura wa rago ɗaya. Ya tambayi kuɗi, ya ɗan yi shiru, ya ce a ba shi guda. Mai rumfa ya ce, "Baba, raguna nawa ne?" Ya ce uku. A gabanmu ya ɗora ƙwayar a kan dutse ya fasa ta gida uku, ya ƙulle a leda ya jefa aljihu. Ya ce, "Kowa dai ya ɗan samu."

Ban ga laifin dattijon nan ba, aljihunsa ne ya yanke masa hukunci. Amma abin da zai faru a cikin ragunan nan uku ya daɗe yana damuna, domin ya shafi 'ya'yanmu fiye da yadda muke zato.

A cikin tumaki da awaki akwai wata siririyar tsutsa mai shan jini, wadda macenta kan zuba ƙwai dubbai a rana guda. Makiyaya sun san aikinta ko da ba su taɓa ganin ta ba. Ka janyo fatar idon tunkiya ƙasa, maimakon ja sai ka ga fari fat, ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an cika shi da ruwa, dabba tana ci tana ramewa. To, a cikin dubban tsutsotsin da ke cikin rago ɗaya, ba duka ne halittarsu ta zama ɗaya ba. Akwai 'yan kaɗan da Allah Ya yi su da ɗan bambanci a daidai wurin da magani ke kamawa. Idan aka ba da cikakken magani, mafi yawa za su mutu, har da masu ɗan taurin kai. Idan aka ba da kashi ɗaya cikin uku, raunana ne kawai za su mutu, masu tauri su tsira, kuma su ne za su zuba ƙwai a makiyaya. Badi, 'ya'yansu ne ke cikin garken. A maimaita haka shekara da shekaru, wata rana sai a ɗura ƙwaya sukutum, tsutsa ta yi kamar an ba ta ruwa. Wannan shi ne abin da masana ke kira bijirewa magani.

Kuma kada a ɗauka talauci ne kaɗai ke jawo shi. A ƙasashen da ake kiwon tumaki da miliyoyi, yawan ba da maganin ne ya jawo. An fito da maganin tiyabendazol a 1961, aka yi ta murna an gama da tsutsar tumaki. A 1964 aka ba da rahoton tsutsar da ta bijire masa a Amurka. Ibamektin ya shigo kasuwa a 1981, kafin shekarun 1980 su ƙare tsutsar tumaki a Afirka ta Kudu ta fi ƙarfinsa. Bayan dogon jira aka sami sabon magani mai suna monefantel, aka fara sayar da shi a Niyu Zilan a 2009, zuwa 2013 an same shi ya kasa a wata gonar awaki a ƙasar. Shekara huɗu kacal. Har yau akwai gonaki a Afirka ta Kudu da Kudancin Amurka da Ostireliya inda magunguna uku ko huɗu a jere ba sa aiki.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da tumakin Turawa? Ruwanmu shi ne, ƙwayar da ake raba wa yaranmu a makarantun firamare da ta ragon nan gida ɗaya suka fito. Albendazol da ake ba yaro ya tauna, maganin dabbobi ne kafin ya zama na mutane. Ibamektin da ake rabawa a ƙauyuka da sunan Mectizan, shi ma haka. Kuma idan ka ƙirga magungunan da duniya ta dogara da su wajen yaƙi da tsutsotsin jikin ɗan Adam, yatsun hannu ɗaya sun kusa isar ka: albendazol da mebendazol na tsutsar ciki, ibamektin na makantar kogi da tundurmi, farazikwantel na tsargiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsar ciki, sama da miliyan 250 kuma ke bukatar maganin tsargiya. Wannan jama'a duka a kan 'yan ƙwayoyin nan take rataye. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai gaskiya ta wajaba a nan, domin ba na son wani ya kashe rediyo ya ce an ce maganin tsutsa ya daina aiki. Ba a ce ba. Har yanzu magungunan nan suna ceton jinin yara da idanun manya, kuma ba a tabbatar da cewa tsutsar mutane ta bijire musu irin yadda ta tumaki ta yi ba. Abin da ake da shi alamu ne, wasu masu tayar da hankali, wasu kuma da aka bincika sai aka ga dalilin daban ne. Bari mu ɗauki tsargiya, tunda ita ce muka fi sani.

A ƙasar Hausa akwai garuruwan da fitsarin jini ya zama kamar ba ciwo ba. Yaro ya yi wanka a kududdufi ko a magudanar ruwan noman rani, bayan 'yan watanni ƙarshen fitsarinsa ya koma ja, manya su ce ai girma ne ya zo. Alhali tsutsa ce da ta fito daga jikin ƙaramar katantanwar ruwa, ta huda fatarsa, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, kuma duk inda aka tare ruwa aka yi noman rani, kamar Kadawa a Kano ko Bakolori a Zamfara, katantanwar na samun gida. Magani ɗaya tak ake da shi a hannu, farazikwantel, wanda aka samar a Jamus a shekarun 1970.

Ga abin da ya faru da wannan magani a ƙasar Senegal. A 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diyama a kan kogin Senegal. Ruwan gishiri ya daina hawowa daga teku, katantanwa ta yaɗu, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye yankin garin Rishar Tol, inda a da ba a san ta ba. Likitoci suka ba mutanen wani ƙauye farazikwantel, suka dawo bayan mako 12 suka auna, sai suka tarar kashi 18 cikin 100 ne kaɗai suka warke, alhali an saba ganin kashi 60 zuwa 90. Hankalin masana ya tashi ƙwarai. Da aka zurfafa bincike sai aka ga abubuwa da dama sun haɗu. Mutanen suna ɗauke da tsutsa mai yawan gaske, ta yadda ko magani ya kashe tara cikin goma, ragowar sun isa a ga ƙwai a bahaya. Sannan farazikwantel ba ya kashe tsutsar da ba ta balaga ba, wadda ta shiga jiki makonni kaɗan kafin a sha magani. Mutumin da kullum yake cikin ruwa, a ranar da ya sha magani akwai ƙananan tsutsotsi a jikinsa da za su girma bayan ƙarfin ƙwayar ya wuce. A Masar ma, a shekarun 1990, an sami 'yan tsirarun mutane a ƙauyukan bakin kogin Nilu da suka sha magani sau uku ba su warke ba, amma da aka koma ƙauyukan bayan kamar shekara 10 ba a ga matsalar ta ƙaru ba. Sai kuma Yuganda, inda wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a makarantun da aka fi daɗewa ana raba maganin, ƙarfinsa na rage ƙwai ya ɗan yi ƙasa da na sauran. Wannan na ƙarshe shi ne irin labarin da ya kamata ya hana jami'in lafiya barci.

Tsutsar ciki kuma iri-iri ce, ƙwaya ɗaya ba ta yi musu aiki daidai. Macijin ciki, wanda uwa kan gani a bahayar yaro ta firgita, albendazol guda ɗaya yana gamawa da shi kusan gaba ɗaya. Mai ƙugiya, wadda ke shiga ta tafin ƙafa ta sha jini, yana kashe mafi yawanta. Amma akwai ta uku, mai kama da bulala, wadda tun asali maganin bai iya mata sosai ba. Wasu masana a Suwizalan sun tattara gwaje-gwajen shekaru masu yawa suka wallafa a 2017, suka nuna cewa waɗanda albendazol ke warkarwa daga wannan tsutsa sun ragu daga kusan kashi 39 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 16 a 2015. Aka gwada haɗa shi da ibamektin a ƙasashe uku. Haɗin ya yi aiki a Lawos da tsibirin Pemba na Tanzaniya, amma a Kwaddibuwa bai tsinana komai ba. Da aka duba ƙwayoyin halittar tsutsar Kwaddibuwa sai aka gano ashe wani jinsi ne daban, wanda a madubin likita ba a iya bambanta shi da wanda aka sani. Shekara nawa aka yi ana ba yaran can maganin da bai dace da tsutsarsu ba, ana rubuta cewa an yi musu magani?

Wannan tambayar ita ce ta kawo ni gabanku yau. Mun ƙware wajen ƙirga ƙwayar da aka raba. Kowace shekara ana fitar da alƙaluma: yara miliyan kaza sun sha magani, ƙananan hukumomi kaza an kammala. Na taɓa halartar irin wannan rana a wata makarantar firamare. An jingina sandar awo a bangon aji, yaro ya tsaya a jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa za a ba shi. Malami na riƙe da rajista, wata yarinya na zuba ruwa a moɗa. Farazikwantel ƙato ne kuma ɗaci gare shi, ana so a sha shi bayan an ci abinci, ga shi yara da yawa ba su karya ba. Na ga yaro ya kai hannu baki kamar ya haɗiye, ya zagaya bayan aji ya zubar da biyu daga cikin ukun da aka ba shi. A rajista an riga an yi masa alamar ya sha. Yaron nan da ragon dattijo, a wurin tsutsa, duk ɗaya ne.

Malaman nan aikin sa-kai suke yi, kuma sun cancanci godiya. Abin da ya ɓace shi ne mataki na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da fitar da hanyar auna ko magani na aiki, kuma ba ta bukatar na'ura mai tsada: a karɓi bahaya ko fitsarin wasu yara kafin su sha magani, a ƙirga ƙwai a madubin likita, a dawo bayan mako biyu zuwa uku a sake ƙirgawa, a ga nawa ya ragu. Madubi ne da ma'aikacin ɗakin gwaji da kuɗin man babur. Jihar da ta yi shekara goma tana raba magani ya kamata a ce tana da amsar wannan tambaya a rubuce, kuma tana sabunta ta. Ina kira ga kwamishinonin lafiya da 'yan majalisar da ke duba kasafinsu, idan aka kawo musu adadin ƙwayar da aka raba, su tambayi adadin ƙwan da ya ragu. Jami'o'inmu cike suke da ɗaliban da za su yi wannan aiki da murna in an ba su kayan aiki.

Ghana ta nuna amfanin aunawa a yaƙinta da makantar kogi. Makantar kogi tsutsa ce da baƙin ƙudan bakin rafi ke sakawa a jiki. Uwar tsutsar na iya yin shekara 10 zuwa 15 a cikin ƙullutu ƙarƙashin fata tana haihuwa, 'ya'yanta ne ke jawo ƙaiƙayi su kashe ido. Ibamektin, wanda kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987, yana kashe 'ya'yan ya dakatar da uwar daga haihuwa na wasu watanni. A 2007 masu bincike suka wallafa cewa a wasu ƙauyukan Ghana da aka daɗe ana raba maganin, iyayen tsutsar na komawa haihuwa da wuri fiye da yadda aka saba. An yi ta muhawara kan ko bijirewa ce ko a'a, amma hukumomin ƙasar ba su jira ƙarshen muhawarar ba, suka mayar da rabon sau biyu a shekara a wuraren da cutar ta fi ƙarfi. A farkon 2025 kuma Ghana ta fara raba sabon magani mai suna moksidektin a wata gunduma, wanda Amurka ta amince da shi tun 2018.

Sabbin magunguna na tafe, amma tafiyar hawainiya suke yi. Akwai emodefsid, wanda aka gwada a Pemba aka wallafa sakamakonsa a 2023: ya warkar da sama da kashi 80 cikin 100 na masu tsutsa mai kama da bulala, inda albendazol ya warkar da 17. Shi ma daga likitocin dabbobi aka aro shi, kuma bai kai ga kasuwa domin mutane ba tukuna. Cutar talaka ba ta kawo riba, shi ya sa kamfanoni ba sa rububin nema mata magani. In wanda ke hannu ya lalace, babu wani a bayan ƙofa yana jira.

Abin da ya kare mu zuwa yanzu, a ganin masana da dama, shi ne mutane ba a yi musu irin ɗurar tumaki. Sau ɗaya ko biyu a shekara ake rabawa, galibi ga 'yan makaranta, don haka tsutsotsi masu yawa ba su taɓa haɗuwa da maganin ba, suna cakuɗuwa da masu tauri suna rage musu rinjaye. Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu sun gina dabara a kan wannan. Suka fito da kati mai launuka da ake kira FAMACHA, makiyayi ya gwada shi da fatar idon kowace tunkiya, wadda jininta ya yi ƙasa ita kaɗai za a ba magani, kuma a ba ta cikakke daidai nauyinta. Wannan dabara ta dace da mai awaki biyar a bayan gida kamar yadda ta dace da mai dubu. Da dattijon nan na kara ya san ta, da ya duba idon ragunansa uku ya ba wanda ya fi bukata ƙwayar ɗungurungum, da kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Sannan akwai kasuwar magani ita kanta. Ƙwayar da ta kwana wata shida a rana a kan tabarma, ko jabu wadda sinadarin cikinta bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, daidai take da ƙwayar da aka fasa gida uku, ko da an haɗiye ta duka. Wannan aikin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ne da takwarorinta, kuma rumfar maganin dabbobi na bukatar idonsu kamar yadda kemis ke bukata. Na kuma ji ana cewa wasu kan gutsiri ƙwayar shanu su sha wai ta fi ƙarfi. Don Allah a bari. Awon sa daban, awon mutum daban.

Duk da haka, ko da kowace ƙwaya ta yi aikinta ɗari bisa ɗari, yaron da ya sha magani ranar Litinin ya koma kududdufi ranar Talata zai sake kamuwa. Muddin ana bahaya a fili ana fitsari a ruwan da ake wanka, za a yi ta ba da magani shekara bayan shekara, kuma kowane zagaye dama ce ga tsutsa mai tauri. Mu kuwa muna da shaidar cewa ana iya wata hanyar. Waɗanda suka manyanta sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa. Kurkunu ba shi da magani ko na kobo. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu shi sama da 650,000 a Najeriya. Da rijiyar burtsatse da ƙyallen tace ruwa da hana mai ciwo shiga tafki aka kore shi, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna bin ƙauyuka suna jan hankalin jama'a, har a 2013 aka ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi. A ranar 30 ga Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi, kuma ta kai ga haka ne da feshin kashe ƙuda a koguna tun shekarun 1970, sannan rabon magani ya biyo baya. Masai a kowane gida da famfo a kowace makaranta su ne za su rage wa ƙwayar nan nauyin da muka ɗora mata ita kaɗai.

Iyaye mata da iyaye maza, idan aka sanar da ranar rabon magani, a ba yaro abin kari kafin ya fita, a gaya masa ya haɗiye duk abin da aka ba shi. Jiri ko ciwon ciki na ɗan lokaci kan biyo baya, yana wucewa. Malamai, a tsaya a ga yaro ya haɗiye kafin a yi masa alama a rajista. Mai kiwo, a ba dabba magani daidai nauyinta, in an ba ta ba ta farfaɗo ba a nemi malamin dabbobi maimakon a ƙara sayen irin ƙwayar. Idan kuma yaro ya sha maganin tsargiya aka yi wata guda jini bai ɗauke daga fitsarinsa ba, a mayar da shi asibiti a ce a gwada fitsarin, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da ya sha maganin domin ya rubuta.